Furannin Hawa na Huɗu

Wata tara ina riƙe da koren littafin kuɗi,
ni Remedios Ocampo, akawun kwamitin tazarce,
a hawa na huɗu, saman shagon mai gyaran agogo,
inda taga ke kallon ƙanƙarar tsaunukan Andes.

Hoton Shugaba na bango, haƙora duk a waje,
an rubuta a ƙarƙashinsa: Da Sauran Aiki.

Ran Talata Don Anselmo ya shigo da kwalin takalmi,
ba takalmi a ciki.
Ya ce, rubuta furanni.
Na rubuta furanni.
Ran Juma'a ga wani, daga masu haƙar tagulla.
Furanni.
Kafin sanyi ya wuce, furen da muka saya a takarda
ya isa ya rufe maƙabartar birnin nan sau uku,
alhali gilashin da ke teburina
ko ganye bai taɓa gani ba.

Sai wani dare maigadin ofishin 'yan adawa,
tsoho mai ciwon gwiwa, ya ga haske inda ya kashe fitila.
Mutum uku ya tarar a durƙushe,
suna dasa kunne a cikin wayar tarho.
A aljihun na ukun akwai rasit.
Rubutun hannuna ne. Na gane wutsiyar bakwai ɗina.

Injin yanka takarda ya kwana yana ci,
har ya yi zafi, yana wari kamar gashi a wuta.
Muka sauko da buhu goma sha ɗaya ta bayan gida.
Mai agogo ya ɗago, ya dube mu, ya koma kan aikinsa.

Jiya Don Anselmo ya fito a talabijin
da taye ɗin da na zaɓa masa.
Wai wata ma'aikaciya ce, bai ma riƙe sunanta ba.
Shi da ya ci tuwon masara a bikin 'yata!
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Shugaba kuwa ya ce a jarida ya gani, kamar kowa.

Gobe ƙarfe tara majalisa ke nemana.
Na goge shuɗiyar rigata, na rataye.
A ƙarƙashin gadon mahaifiyata akwai gwangwanin biskit,
ciki kwafin kowane shafi, da kwanan wata.
Tana barci a kansa, tana minshari.
Ban yanke ba tukuna.
Agogon ƙasa sun buga biyu, ba tare ba,
kowanne da nasa lokacin.