Zare a Zurfin Gidimuni

Ni tela ne, a Sabon Kari nake taka keke,
shekara ashirin da biyu ina sauraron zare.
Na san kukansa in ya tsuke,
na san yadda yake cukurkuɗewa ƙarƙashin yadi in ya saki.
Shi ya sa ranar da Kawu Jaharu ya miƙo mini fatsa
a bakin tafkin Gidimuni
na ce a raina: ai gida na zo.

Muka tura jirgi, muka ratsa kacalla,
rake da dabino suka koma baya,
har inda sanda ta daina taɓa ƙasa.
"Nan gaba biyar ne," in ji shi.
"Giwan ruwa ba ya kwana inda yara ke wanka."

Darma ta nutse da ƴar karfasa mai rai.
Na saki zare, na ƙara saki,
iska ta taso daga gabas
ta yi masa tumbi a kan ruwa,
lanƙwasa ɗaya doguwa, kamar igiyar shanya da aka tsinke wa tirke.
Can ƙasa wani abu ya faru.
Ban ji ba.
Da na naɗe, ƙugiya tsirara ta fito tana ƙyalli.

Kawu bai ko ɗago kai ba, goronsa yake ɓarawa.
"An yi sallama a ƙofarka,
kai kuwa ka bar saƙon a hannun ɗan aike mai barci.
Zurfi nisa ne, tela.
Duk kamu ɗaya da ka bari yana lilo,
kunne ɗaya ka toshe."

To, na biyu sai na ɗaure fuska, na ɗaure zare,
na ja shi tsaf kamar tsirkiyar baka.
Karfasa ta kasa iyo, ta rataye kamar layar wuya.
Da babban ya zo, ya ɗanɗana, ya ji hannuna a ciki,
ya tofar.
Na ji tofarwar har gwiwar hannu.

Rana ta hau. Shayi ya huce a ƙasan jirgi.
Wani zalɓe ya tsaya yana kallon wautata.

Kawu ya kama yatsana, manuni,
ya aza zaren a kan gaɓar farko.
"Kada ka ja, kada ka bari.
Jirgi in ya matsa, ɗebe abin da ya rage.
Darma in tana sauka, raka ta, kar ka riga ta.
Bar masa taƙi ɗaya na numfashi, ɗaya tak,
ka kalli inda zare ke huda ruwa,
nan ne bakinsa."

Na zauna. Ina ɗiba, ina bayarwa,
ɗan kaɗan, ɗan kaɗan, kamar mai auna gishiri a miyar baƙo.
Sai hudar ta gusa hagu,
ba da iska ba, gaba da iska.
Na tattara taƙin nan, na ji nauyi ya amsa,
na fizga.

Ya Salamu!
Ya yi ƙasa, na ba shi, zaren na ƙona fata.
Ya juyo kaina a guje, zare ya zube a ƙafata,
na kwasa hannu bibbiyu kamar mai jan guga rijiya na kallo.
Kawu na ihu, ban san me yake cewa ba.

Bai kai yadda nake faɗa a shago ba.
Tsawon hannu ne, da ɗan ƙari.
Matata Zulai ta soya rabi, rabi ya tafi maƙwabta.

Amma tabon na nan a manuni, siriri, fari.
Yau da safe yaron shagona, Nafi'u, ya ce keke na cin zare.
Ban taɓa sukurun ba tukuna.
Na aza yatsa a kan zaren, na rufe ido,
na ce masa: taka a hankali, in ji.