Gashin Wutsiyar Wule

Ranar da Malama Tumba ta zo rugarmu
a bayan Bagudo, Kwara ta soma ja da baya,
ta bar taɓo a fadama, baƙi kamar hanta.
Ba allura ta kawo ba.
Ambulan ne ƙanana, da alƙalami a bayan kunne.
Gashin wutsiya take roƙo,
sili talatin daga kowace saniya,
a tsige shi da saiwarsa.

Baffa Jaɓɓi ya dube ta, ya dubi sandarsa.
Ya ce, nan wanda ya nemi gashin dabbarka
ba da alheri ya kwana ba.
Ta yi dariya, ta tsigo nata daga gefen ɗankwali,
ta miƙa masa jingina.

Sai ya shiga karanto mata garken
kamar mai tilawa da asuba:
Waɗannan Bokolo ne, leɓe har gwiwa, ƙaho ɗan tsito.
Jajayen can masu ƙaho kamar hannun mai addu'a
Rahaji ne, sadakin uwar yaron nan.
Farare kuwa na aro ne, ba na rantse musu.
Wule ya bari ƙarshe.
Ya dafa tozonta, ya ce,
wannan tun kakanta na bakwai
ba baƙon sa da ya ƙetara dangwalinsu.

Damina biyu ta wuce.
Ta dawo a kan babur, takarda cikin leda.
Kowace saniya an zana ta sanda guda,
an rina sandar launi-launi
kamar zanen da marina suka yi wa gardama.
Babu ko ɗaya mai launi guda.
A cikin Bokolo akwai ɗigon Rahaji,
a cikin Rahaji akwai na shanun Azbin,
fararen da bai rantse musu ba
ashe ƙannen nasa ne ta wajen uwa.

Ta sa farce a gindin sandar Wule.
Wani kore ne siriri, bai kai faɗin tsinke ba.
Ta ce, wannan na gajerun shanun kurmi ne,
marasa tozo, waɗanda tsando ke cizo ya gaji.

Baffa bai ce komai ba.
Ya tashi ya gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Sai da dare, hayaƙin kashin shanu na korar sauro,
ya ce da ni, ko da wutar:
Shekarar sammore ina ɗan kai naka.
Mun ƙetara da ɗari da ashirin,
ungulu ta san mu da suna.
Babana ya aro wani sa a ƙasar Bargu,
baƙi, guntu, ko kafaɗata bai kai ba,
wurin wani manomi mai tsage a kumatu.
Da dare muka kawo shi, da dare muka mayar.
Maruƙan da suka ga kaka, nasa ne.
Muka binne zancen kamar bashi.

An ce zumunta a ƙafa take.
Ban san da kofato ake nufi ba
sai daren nan:
kowane burtali, kowane mashayi,
kowace shekarar da mutuwa ta yi kiwo tare da mu,
jini ya rubuta, bai nemi izinin kowa ba.

Da safe ya zaro silin gashinta daga cikin laya,
ya ce, ga jinginarki.
Ta ce, Baffa, saura naka, in kai a duba.
Ya ja malfa har gira.

Akwai ɗan maraƙin Wule, gajere, mai taurin kai,
da muka ware wa kasuwar kara.
Na ga Baffa ya je da kansa,
ya kwance shi daga cikin na sayarwa,
ya tsaya yana sosa masa
wurin da tozo ya ƙi fitowa.