Tsimin Nomau

A Sandamu, bayan rumbun da ya rushe,
jikarsa Lantana ta tono tulun.
Shekara tara bakinsa liƙe da yumɓu,
tun kafin Nomau ya kwanta dama.

Ta ce, "In sirka maka?"
Na ce a'a, yadda ya bar shi nake so.

Rabin ludayi, ja kamar garwashin ƙirya.
Tun bai kai baki ba ya shaƙe ni:
hayaƙin kara, tsamiya, sassaƙen marke,
da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Kurɓar farko ta tsaga harshe.
Na sarƙe, hawaye ya zubo,
Lantana ta toshe dariya da gefen mayafi.
Sai da wutar ta sauka ƙirji
zumar ta fito, sannu sannu,
kamar tsohon da ya gama yi maka faɗa
ya miƙo goro.

Can ƙasa akwai wata saiwa mai bauri.
Na tambayi sunanta.
Nomau ya tafi da shi.

Ta auna saura da tsinke:
yatsa huɗu.
Muka kwaɓa sabon yumɓu.