Kwanon Tabita

Ni Barnaba, mai gyaran moto a bakin tashar Tawa,
na fi iya lissafi da addu'a.
Ko a coci, bakina na bin waƙa,
zuciyata na can gida tana auna gero:
tiya nawa ta rage, za ta kai mu Laraba?

Watan da ƙarfe ya murƙushe mini yatsu uku
na rufe rumfa, na zauna
kamar tsohuwar taya da aka jingine a bango.
Rahila ta kakkaɓe buhu, ta sake kakkaɓewa.
Ba ta ce uffan ba.
Da ma ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Amma Tabita, 'yar shekara biyar mai giɓi,
da rana ta yi ja
sai ta wanke shuɗin kwanonta,
ta kai tabarma, ta tanƙwashe ƙafa.
Na ce, "Wa ya ce miki an aza tukunya?"
Ta ce, "Ai na gaya wa Yesu tun da safe."
Ta faɗe shi kamar wadda ta yi aike kanti
tana jiran ɗan aike.

Na kau da kai. Haushi na ji, ba zan ɓoye ba.
Na ce a raina, bangaskiya tana da arha
ga wanda ba ya biyan haya.

Ran Alhamis da la'asar
wata moto ta tsaya ƙofar gida tana tari.
Na gane tarin kafin in gane mutumin.
Tankari ne, manomin albasa daga wajen Galmi,
wanda sarƙa ta tsinke masa wani dare cikin damina,
shekara uku ke nan,
aljihunsa ba ko dala, na ce ya tafi.
Ni na manta. Shi bai manta ba.
Rabin buhun gero, ƙullin albasa,
da man shanu a 'yar kwalba.

Ya Ubangiji, ka ga abin da na yi.
Tun ƙarar motarsa ba ta ɓace ba
na fara rabawa:
kwana ashirin da biyu, in an tsuke baki.
Da me zan rama?
Ko wata bukata ce yake share wa hanya?
Ka miƙo mini kyauta,
na juya ta ina neman inda ƙugiya take.

Tabita kuwa ta rungumi albasa mafi girma,
ta sansana, ta yi atishawa, ta yi dariya.
Ta ruga da ita gidan tsohuwa Dije,
ta dawo hannu wofi, fuska cike.
Da tuwo ya sauka ta ce, "Na gode, Yesu,"
gajere, kamar yadda take ce wa uwarta.
Ta ci, ta suɗe yatsu,
ba ta tambayi gobe ba.

Cikin dare na haska ta da fitila.
Tana barci, tafin hannunta a buɗe.
Na dubi nawa,
naɗe da tsumma, a dunƙule,
kuma na san ba ciwo kaɗai ya dunƙule shi ba.

Kai da ka ɗora yara a cinya
lokacin da manya ke korarsu,
ban zo da alkawari ba, ka san halina,
gobe ma zan leƙa buhu.
Sai dai ka kwance mini yatsun nan ɗaya-ɗaya,
masu ciwo da marasa ciwo.

Da yamma ta wanke nata,
na ce ta wanko mini nawa.
Ta dube ni, ta matsa gefe,
ta ba ni wuri a tabarma.