Ruwan Ido a Shagon Kuwabara

A gangaren da ke sauka zuwa tashar jiragen ruwan Hakodate
akwai shago, faɗinsa bai fi kamu goma ba.
Kuwabara ya tura tabarau kan goshi,
ya jera mini su biyu a kan baƙin ƙyalle,
ya koma wa shayinsa.

Ta dama sabuwa ce fil.
Ga kwali, ga takardar lamunin shekara biyu,
ga ƙamshin abin da hannu bai taɓa ba.
Kuɗinta albashina ne na wata huɗu,
wata huɗu ina jan taragon lantarki
daga Yunokawa zuwa bakin teku, in juyo.

Ta hagu ta girme ni.
Fatarta ta ɗaye a kusurwa,
marfin naɗe fim ya sha babban yatsan wani
har tagulla ta leƙo ta ƙarƙashin fenti.
A gindinta an karce suna da tsinin allura: Fumie.

Na ce, wace ce Fumie?
Ya ce, jikanta ya kawo ta a jakar cefane, ban tambaya ba.
Amma ba zan rufe ka ba:
in sanyi ya tsananta, ƙiftawarta na yin nawa,
akwai ɗan hazo a gefen gilashin,
mai gyaran irinta kuwa ɗaya ya rage da na sani,
shi ma hannunsa ya fara rawa.

Na ɗaga wannan, na ajiye. Na ɗaga waccan.
Har shayin ya huce.
Ya ce, ruwan ido zai kai ka dare.
Tafi da tsohuwar kwana bakwai,
ga fim naɗi guda. Gani ya kori ji.

Hoto goma sha biyu kacal,
kowanne murabba'i, kamar tafin hannun yaro.
Ana riƙe ta a ciki, a sunkuya,
a leƙa kamar mai duba rijiya,
sai ka ga duniya ta sauya hannu:
mai tafiya dama ya nufi hagu.

Na yi rowar su kamar gishirin ƙarshe.
Ƙanƙara a kan dogo da asuba.
Fitilun masu kamun kifi, jere a kan baƙin ruwa.
'Yar ƙanwata Chisato da giɓinta sabo.
Na sha biyun na ajiye wa mahaifina,
shekara tamanin da uku, yana ɗinkin koma
a rumfar da iska ke shiga ta ko'ina.
Na danna. Na ji ta yi jinkiri,
kamar mai son magana ya haɗiye.

Da aka wanke, tara sun fito ras,
har zaren hular Chisato ana ƙirgawa.
Biyu haske ya ci gefensu.
Na ƙarshen, tsoho ya juyo zai ce mini wani abu,
fuskarsa ta zama hayaƙi.
Hannuwansa ne kawai suka tsaya,
kowace tsaga, kowane tabon ƙugiya,
da ƙullin da bai gama ja ba.

Sabuwar da ta kama fuskar. Na sani.
Kwana biyu wannan na cina.
Wa ya san sanyi nawa ya rage masa?

Ranar Asabar na koma.
Sabuwar na nan cikin kwalinta, ba ta da laifin komai.
Na tura masa hoton a kan ƙyallen.
Ya sauke tabarau, ya daɗe yana kallo,
bai yaba ba, bai kushe ba.

Na ƙirga kuɗin ta hagu,
na ƙara na fim naɗi ashirin,
na ce, mai gyaran nan da hannunsa ke rawa,
a wace unguwa yake?

Ya juya rasit, ya fara rubutawa a bayansa.
Ya ce, ka je da wuri.