Haƙori Na Bakwai

A Panteka na tsince ta ran Laraba,
ƙarƙashin tulin fankoki da ƙofofin firji,
alhali wani abu daban na je nema.
Yaron ya ɗora ta a sikeli:
"Kilo huɗu da rabi. Tagulla ce, babu ragi."
Bai san me yake aunawa ba.

Ganga ce mai haƙora goma sha biyu,
da 'yar mota a gindinta, ba ta fi gwangwanin madara ba,
da yatsu shida a jere
masu jiran haƙori ya zo ya ɗaga su.
Na shafa har na kai na bakwai.
Ga dalmar. Ga sawun zarton babana.

Kakuri, lokacin da masaƙa ke da numfashi.
Shagon Madam Kande, saman kwano,
keken ɗinki na gilashi ya fi mutum tsayi.
Ja ne jikinsa, allurarsa kore,
zaren shuɗi yana tafiya taki-taki
har ƙarshen allon, ya mutu, ya sake haihuwa.
Masu aikin dare in jiniya ta sallame su
sukan tsaya da kekunansu a hannu,
fuska ja, fuska kore,
ba mai sayen komai.

Mu muna baya.
Akwatin ƙarfe, tsani, ƙadangaru.
Barau mai waya da tocila a baki,
ni da tsumma da kwalbar baƙin mai.
Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙas.
Kowane ƙas da ɗan tartsatsinsa
da wari irin na ƙasa in hadari ya taso.
Yakan ce, "Kada ka leƙa gaba. Saurara.
Kunne ya riga ido sanin allura ta sauka."

Wata damina na bakwai ya cinye.
Ya ɗiga masa dalma, ya goge,
ya ɗan zarce.
Daga ranar allurar in ta hau
sai ta tsaya can sama, kamar mai tunani,
kafin ta faɗo.
Madam Kande ta ce a gyara.
Ya ce to. Shekara tara yana cewa to.
A hanyar gida ya raɗa mini:
"Ɗingishin nan ne ke juyo da wuyan mutane."

Sai masaƙa ta yi shiru, ɗaya bayan ɗaya.
Nepa ta koma baƙuwa.
Zaren ya fara mutuwa daga wutsiya,
wani yaro ya gama da allurar da dutse,
Madam ta koma garinsu da katifa biyu.
Ban san ranar da aka sauke akwatin ba.
Muna asibiti lokacin.

Yanzu ni ma alluna nake haɗawa,
masu gudu da launi dubu,
kwakwalwarsu ba ta kai farcen yatsa ba.
Ba mai, ba tsumma.
Na sha kara kunne a bayansu:
ko sauro ya fi su magana.
In sun lalace ba a gyarawa, sai a cire.

Na biya yaron. Ban yi ciniki ba,
har ya bi ni da kallo.

Daren nan a Tudun Wada babu wuta.
Na ɗora ta a tabarma, na juya ta da hannu.
'Yata Ummita ta ce, "Baba, me take kunnawa?"
Na ce rufe ido.

Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas.

Sai shirun nan.

Ta ce, "Ta tsaya."
Na ce a'a, jira,
allurar tana sama.