Awa Ɗaya Kafin a Buɗe Baki

Ƙwaya huɗu a tafin hannuna,
rabi ja, rabi ruwan ɗorawa.
Na kora su da ruwan randar ƙofar asibiti.
Dakta Tahani ta dubi agogo ta ce, "Sai sha ɗaya.
Zauna, Kubura, bari magani ya riga mu kama hanya."

To, na zauna.
Bencin ƙarfe, fanka mai kuka, Sinnar na tafasa a waje.
Tun raɓa ba ta bushe ba na baro Mai Wurno,
na bar murhu da buta da kofunan ciniki a hannun ɗiya.

A ƙirjina akwai abu mai ƙas-ƙas,
ɗan ƙyauren ƙarfe da aka dasa mini a Khartum
shekara shida ke nan, ran da aka tsaga ni kamar kabewa
aka mayar aka ɗinke.
Jikoki kan ɗora kunne su ƙirga,
su suka raɗa mini Kaka Mai Agogo a Zuciya.

Da aka ce in zo wankin haƙori, dariya na yi.
Haƙori zane ne?
Ga asawakina, sau biyar tare da alwala,
kuma babu mai yi mini ciwo cikinsu, ko ɗaya.

Sai ta leƙa da ni bayan na ƙasa da ɗan madubi.
Ƙanzo ne a wurin, kamar gindin tukunyar da aka manta:
goron shekara talatin, shayi mai cokali uku,
sun haɗa kai sun zama dutse.
Ta ce, "Asawaki na share tsakar gida,
amma abin da ya kafe ba ya jin tsintsiya."

Ta ce in an kankare dasashi zai yi jini,
kuma inda jini ya fito, nan ce ƙofar shiga.
Ƙwayoyin da ido bai taɓa gani ba
sai su hau jini kamar kwale-kwale a Nilu,
su gangara neman masauki a ƙyauren nan nawa.
Ni da na ɗauka tsakanin baki da ƙirji da nisa,
ashe zango guda ne, ba a ko kwana a tafiya.

Wani saurayi a gefena, kunci kamar ya ɓoye lemo,
ya ce shi ma a ba shi irin nawa.
Ma'aikaciya ta ce, "Ba alewa ba ce.
Ita don ƙirjinta ne. Kai jira a duba ka."
Ya harare ni kamar na cinye rabonsa na layya.

Sha ɗaya saura kwata.
Na tuna Inna, da ta kai sittin da haƙori uku,
tana jiƙa gurasa har ta yi laushi, tana cewa tsufa ne.
Mu ma muka ce tsufa ne.
Babu wanda ya gaya mana ana tare ɓarna tun tana jaririya.

Aka kira ni. Kujera ta kwantar da ni kamar jinjiri.
Ƙarfe na zuuu, ruwa na feshi,
ɗan gishirin jini a gefen harshe.
Na damƙe bakin mayafi na saurari agogona:
ƙas, ƙas, ƙas, bai yi tuntuɓe ba.
Da na tashi, harshe ya bi layi yana gaisuwa,
sai ga wushiryar da na zaci ta tafi da ƙuruciya.

"Bayan wata shida," in ji ta. "Kuma ki rage goro."
A motar gida iska na ratsa haƙorana da sanyi.
Na kwance bakin zane, na dubi goro, ya dube ni.
Na ɓare shi na ba yaron mota rabi.
Ɗaya rabin na ci, in dai za a faɗi gaskiya.